Kulle a Kan Kulle: Annobar Korona da Zaman Gidan Mata a Gyaɗi-Gyaɗi da Tarauni

1.0 Gabatarwa

Ranar Alhamis, 16 ga watan Afrilu na shekarar 2020, da ƙarfe goma na dare, dokar hana fita ta fara aiki a Jihar Kano, watau kwana biyar bayan an tabbatar da mutum na farko da ya kamu da cutar Korona a jihar. Ba a jima ba jama'a da gidajen rediyo suka laƙaba wa dokar suna, suka riƙa ce da ita "dokar kulle". Wannan suna abin lura ne ga mai nazarin harshe da al'ada, domin kalmar "kulle" tsohuwa ce a bakin Bahaushe, kuma kafin wannan shekara in an ambace ta a sha'anin zaman iyali, matar aure ake nufi. Sai ga shi rana ɗaya ta haɗiye maigida da samari da yara da almajirai baki ɗaya.

Mai kallo daga nesa zai iya zaton cewa macen da ta saba zaman gida ba ta da asara a cikin irin wannan doka, tun da abin da aka hana dama ba ta cika yin sa ba. Wannan maƙala za ta yi ƙoƙarin nuna cewa zaton nan kuskure ne. Za a bi tsarin gidan Bakano kamar yadda yake tafiya a lokacin lafiya, sa'an nan a duba gaɓoɓin da annobar ta taɓa ɗaya bayan ɗaya: muhalli, da cefane, da hidimar yara, da jiyya, da haihuwa, da takaba. A ƙarshe za a waiwayi abin da lamarin ya bari a cikin harshe.

2.0 Wuri da Lokaci

Gyaɗi-Gyaɗi da Tarauni unguwanni ne na waje, watau bayan ganuwar birni, a cikin Ƙaramar Hukumar Tarauni, wadda ƙidayar 2006 ta ba ta mutum sama da 220,000. Yanki ne da ya tara kowane irin gida. Akwai manyan gidaje na ma'aikata da 'yan kasuwa masu katanga da rijiyar burtsatse, akwai kuma gidajen haya na lungu inda iyali huɗu ko biyar suke tarayya a tsakar gida ɗaya da makewayi ɗaya. A nan ne Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano yake, a kan titin Zariya, haka nan kasuwar wayoyi ta Farm Centre da tashar mota ta Unguwa Uku, waɗanda dubban magidanta suke samun abin cefane a cikinsu.

Kano ba ta rasa tarihin annoba ba. An yi murar 1918 wadda Hausawa suka kira Marisuwa. An yi sanƙarau na 1996, wanda ya zo tare da ƙyanda da amai da gudawa, kuma a lokacinsa ne kamfanin Pfizer ya yi gwajin magani a kan yara kimanin 200 a Asibitin Zana, 11 daga cikinsu suka rasu. Wannan tabo yana cikin dalilan da suka sa aka dakatar da rigakafin shan-inna a jihar daga 2003 zuwa 2004. Amma a duk waɗannan ba a rufe kasuwa da masallaci da makaranta a lokaci guda ba. Wannan shi ne abin da ya bambanta 2020.

Jerin abubuwan da suka faru a taƙaice shi ne kamar haka. An rufe makarantu tun cikin watan Maris. Gwamna Abdullahi Umar Ganduje ya sa dokar mako ɗaya daga 16 ga Afrilu. Azumi ya kama ranar 24 ga wata. Ranar 27 ga wata Shugaban Ƙasa Muhammadu Buhari ya ba da umarnin rufe Kano ruf na mako biyu. A farkon Mayu aka sassauta, aka ware Litinin da Alhamis domin mutane su fita neman abinci na 'yan sa'o'i, daga bisani aka sauya ranakun, aka kuma ƙara su. Ba a ɗage dokar ba sai ranar 2 ga Yuli. Watau gidajen Kano sun yi kusan mako goma sha ɗaya a cikin wannan hali, kuma makonnin farko sun faɗo a tsakiyar bazara da azumi.

3.0 Hanyoyi Uku da Gida Yake Numfashi

Auren kulle bai taɓa nufin yanke gida daga duniya ba. Manazarta irin su M. G. Smith, wanda ya yi aiki a ƙasar Zazzau a wajajen 1950, sun nuna cewa kulle mataki-mataki ne, daga mai tsanani zuwa wanda mace take fita da izini, har zuwa abin da ake kira "kullen zuci", watau mace ta fita aiki ko makaranta amma ta tsare mutuncinta. A Tarauni ta wannan ƙarni ana samun dukan matakan, wani lokaci ma a gida ɗaya. Kowane mataki aka ɗauka, gidan yana rayuwa ne ta hanyoyi uku.

Hanya ta farko ita ce ta maigida. Shi ne mai fita da safe ya dawo da cefane, ko ya bar kuɗinsa. Shari'a ta ɗora masa ci da sha da tufafi da muhalli, al'ada kuma ta tsara cewa wuninsa a waje yake, a kasuwa ko ofis ko majalisar ƙofar gida.

Hanya ta biyu ita ce ta yara. Polly Hill ta bayyana a 1969 yadda matan ƙasar Katsina suke gudanar da ciniki mai yawa daga cikin ɗakunansu, har ta kwatanta shi da kasuwar ɓoye. Enid Schildkrout kuwa, wadda ta yi bincike a cikin birnin Kano a shekarun 1970, ta nuna cewa wannan ciniki a kan ƙafar yara yake tafiya: su ne masu talla, su ne 'yan aike, su ne masu kai saƙo daga wannan gida zuwa wancan. Yaro yana shiga inda aka rubuta "ba shiga", yana kuma fita inda uwarsa ba ta fita.

Hanya ta uku ita ce ta zumuncin mata: suna, da biki, da barka, da dubiya, da gaisuwar mutuwa. Waɗannan fita ba yawo ba ne. A cikinsu ake biyan biki, watau gudummawar da mace take kai wa ƙawarta da sanin cewa za a rama mata da ƙari in nata ya zo, a cikinsu ake tara adashi, a cikinsu ake jin wadda ba ta da lafiya da wadda mijinta ya gaza. Hausawa sun ce zumunci a ƙafa yake, kuma a sha'anin mata wannan magana ba ta da ragi.

Dokar 2020 ta datse hanyoyin nan uku a dare ɗaya. Abin da ya biyo baya shi ne bayanin sassan da ke tafe.

4.0 Gida a Ƙarƙashin Doka

4.1 Maigida a Tsakar Gida

Ginin gidan Hausa ya raba wuni tsakanin jinsi biyu. Zaure da ƙofar gida na maza ne, tsakar gida kuwa daga hantsi zuwa magariba ta mata ce. A nan ake daka da tankaɗe da wanki da kitso, a nan ake hira ba tare da lulluɓi ba. Da doka ta mayar da maza gida, sai wannan rabo ya rushe. A gidan mutum ɗaya abin da sauƙi, domin mijinta ne da 'ya'yanta. A gidan haya kuwa, mijin maƙwabciya baƙo ne a hukunci, saboda haka matar da za ta hura gawayi a tsakar gida dole ta yi shi cikin hijabi, a watan da zafin Kano yake kaiwa digiri arba'in, kuma tana azumi. Maza da yawa sun fahimci wannan nauyi, suka riƙa zama a bakin lungu inda motar jami'an tsaro ba ta shiga, amma wannan bai mayar wa mata filinsu kamar da ba.

Akwai kuma batun ido. Maigidan da a da yake ganin tuwo a kwano kawai, yanzu yana ganin mudu nawa aka auna, da man da aka zuba, da wanda aka miƙa wa maƙwabta ta kan katanga. Ɗan ikon da uwargida take da shi a kan rumbu da madafi, wanda al'ada ta bar mata ba tare da an faɗa ba, sai ya shiga ƙarƙashin bincike a daidai lokacin da abin ya yi ƙaranci. A wasu gidaje wannan kusanci ya haifar da tausayi, har maza suka ɗauki tsintsiya da guga. A wasu kuwa ya haifar da faɗa. Ba a Kano kaɗai ba, ƙorafin cin zarafin mata ya yawaita a ƙasar har Ƙungiyar Gwamnonin Nijeriya ta ayyana dokar ta-ɓaci a kansa a watan Yuni na 2020. Abin da ya ƙara tsananta lamarin shi ne toshewar mafitar gargajiya, watau yaji. Matar da ta saba tafiya gidan iyayenta ta huce har a zo biko, yanzu ba abin hawa, ba kuma damar ƙetare shingen 'yan sanda.

Mai mata biyu da ya ajiye su a unguwanni dabam-dabam shi ma ya shiga tsaka mai wuya. Rabon kwana wajibi ne, ga shi hanya a rufe. Wadda doka ta ritsa da shi a gidanta ta ɗauki girkin da ba ya ƙarewa, ɗayar kuwa ta zauna da yara ba mai leƙo ta.

4.2 Cefane da Jari

Yawancin magidantan lungunan nan hannu-baka-hannu-ƙwarya suke yi: direban Adaidaita Sahu, da mai gyaran waya, da lebura, da ɗan kamasho a tasha. Ranar da ba a fita ba, ba cefane. A nan ne dukiyar mace, wadda shari'a ta ce tata ce ita kaɗai, ta zama abin da gida ya jingina a kai.

Sai dai sana'o'in mata ba su sami rabo iri ɗaya ba. Waɗanda suka dogara da taro, kamar kitso da lalle da haɗa turaren wuta da humra da ɗinkin anko, sun mutu murus tun da an hana biki. Waɗanda suka dogara da talla a tasha da ƙofar makaranta da bakin asibiti, kamar awara da ɗanwake da alala da zoɓo, sun rasa masu saye. Amma masu sayar da kayan miya a cikin gida, irin su kuka da kuɓewa da daddawa da manja da gishiri da gawayi, sun ga ciniki irin wanda ba su saba gani ba, domin da kasuwa ta rufe sai lungu ya koma kasuwa. Haka nan masu keken ɗinki sun sami aikin ɗinka takunkumi. Kasuwar ɓoyen nan da Hill ta bayyana rabin ƙarni da ya wuce, ita ce ta ciyar da unguwanni a makonnin da kasuwar sarari take rufe. Matsalarta ɗaya: mai saye maƙwabci ne, kuma maƙwabci da bashi yake saye.

Dukiyar mace takan narke ne bisa wani tsari sananne. Riba ake fara ci, sa'an nan uwar kuɗi. Daga nan sai a nemi uwar adashi ta ba da kwasa kafin lokaci, in adashin bai riga ya watse ba saboda rashin zubi. Bayan haka sai kaji da akuya, sai kayan ɗaki, a ƙarshe sai 'yan kunnen gwal. Kayan ɗaki a wurin Bahaushiya ba ado kaɗai ba ne. Tun zamanin jeren tasoshi da kwanuka su ne taskarta, da su take aurar da 'yarta, su ne kuma madogararta in aure ya mutu. Wadda ta sayar da su domin tuwon azumi ta ci guzurin shekaru masu zuwa.

Malaman Malikiyya sun yi magana a kan irin wannan hali. A cikin Muhtasar na Shehu Halilu an bayyana cewa ciyarwa tana faɗuwa daga kan miji muddin yana cikin rashi, amma abin da matar ta kashe a kan shi kansa tana da ikon neman a biya ta, sai fa in da niyyar kyauta ta yi. Hukuncin a fili yake, amma kunya da kara sukan hana mace buɗe baki ta ce da uban 'ya'yanta bashi ne. Saboda haka mafi yawan abin da aka kashe ya tafi a matsayin rufin asiri.

4.3 Yara da Almajirai

Rufe makarantun boko da na Islamiyya ya mayar da yara gida wuni da kwana, kuma makarantun ba su koma sosai ba sai a watan Oktoba. Uwa ta zama mai gadi, ta zama malama. Gwamnati ta shirya darussa ta rediyo da talabijin, amma amfaninsu ya tsaya ne ga gidan da yake da wuta ko batir, da kuma uwar da ta yi karatun da za ta bi darasin. Nauyin aikin gida kuwa a kan 'ya'ya mata ya fi sauka, domin su ake sa wa raino da wanke-wanke yayin da 'yan'uwansu maza suke zamewa zuwa ƙwallo a titunan da suka zama fayau.

Wani gurbi da ba a cika ambata ba shi ne na almajiri. A cikin watan Afrilu gwamnatin Kano ta fara kwashe almajirai tana mayar da su jihohinsu na asali. Ko mene ne ra'ayin mutum a kan bara, gaskiyar zaman birni ita ce gidaje da yawa suna da almajirinsu, mai ɗebo ruwa da zubar da shara da kai niƙa da wanki, a ba shi abinci da ɗan sabulu, ya kira matar gida uwar ɗakinsa. Da ya tafi, aikinsa bai tafi ba. Ga kuma umarnin ma'aikatan lafiya na yawaita wanke hannu, a unguwannin da famfo ya daɗe da ƙafewa, ruwa sai na 'yan garuwa a kan kura. Ƙididdigar jarka nawa za ta isa girki da wanka da alwala da wankin hannu, wannan ma lissafin mace ne.

4.4 Jiyya

A harshen Hausa "majiyyaci" yana iya nufin maras lafiya, yana kuma iya nufin mai kula da shi, kuma wannan tarayyar suna ta dace da abin da annoba take yi, domin mai jiyya ita ce ta biyu a layin kamuwa. A al'ada mace ce mai dama kunu, mai dafa ruwan zafi, mai sirace da tazargade ko ganyen darbejiya, mai wanke kwano da shimfiɗa, mai kwana a zaune. Ko a asibiti ma ba a kwantar da mutum ba tare da mai zama da shi ba.

A ƙarshen Afrilu mace-mace suka yi yawa a birni. Jaridar Daily Trust ta ruwaito cewa an binne mutum kimanin 150 cikin kwana uku a wasu maƙabartu, har da ta Gyaɗi-Gyaɗi. A 'yan kwanakin nan ne aka rasa Farfesa Ibrahim Ayagi da Farfesa Balarabe Maikaba, sa'an nan Sarkin Rano Alhaji Tafida Abubakar Ila a farkon Mayu. Ɗakin gwajin cutar da ke Asibitin Malam Aminu Kano ya tsaya da aiki na wasu kwanaki, asibitoci masu zaman kansu da dama kuma sun rufe ko sun rage karɓar marasa lafiya saboda tsoro da rashin kayan kariya. A watan Yuni Ministan Lafiya, Dokta Osagie Ehanire, ya bayyana sakamakon binciken da aka yi: mutum 979 ne suka rasu a ƙananan hukumomi takwas na birni da kewaye, kashi 50 zuwa 60 cikin ɗari ana danganta su da Korona a kan wasu cututtukan da suke ɗauke da su, yawancinsu sun haura shekara 65, kuma kashi 56 cikin ɗari a gida suka cika.

Wannan adadi na ƙarshe shi ne ya fi shafar batun da ake yi. Ma'anarsa ita ce fiye da rabin waɗanda suka rasu a hannun iyalinsu suka yi jiyya, ba safar hannu, ba iskar taimakon numfashi, ba ma tabbacin abin da yake damun su. Shawarar a killace maras lafiya a ɗaki shi kaɗai ba ta da wurin zama a gidan da mutum takwas suke kwana a ciki da rumfa. Daɗin daɗawa, al'ada tana ganin gudun maras lafiya a matsayin rashin imani da butulci. Matar da ta ja da baya daga mijinta mai tari, ko daga surukarta, ta san abin da dangi za su faɗa har ƙarshen rayuwarta. Tsakanin umarnin likita da hukuncin dangi, mafi yawa sun zaɓi zama kusa.

Ma'aikatan jiyya mata da ungozomomin asibiti, waɗanda da yawansu a kewayen asibitin koyarwa suke zaune, sun ɗauki kaya biyu. Da rana suna cikin haɗari a wurin aiki, da dare suna fargabar abin da za su kai wa 'ya'yansu, wani lokaci kuma maƙwabta suna ɗari-ɗari da su.

4.5 Haihuwa

Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna cewa haihuwa 39 cikin ɗari ce ake yi a asibiti a Nijeriya, a arewa maso yamma kuwa ba ta kai 20 ba. Unguwannin da suke maƙwabtaka da babban asibiti sun fi ƙauye zuwa awo, amma doka da tsoro sun mayar da mata da dama hannun ungozomar gargajiya. Naƙudar dare ba ta jiran ranar sassauci. Haka nan goyon ciki, watau komawar mai cikin fari gidan iyayenta, ya gagara ga wadda iyayenta suke wani gari, tun da an rufe iyakokin jihohi. Wankan jego na kwana arba'in yana bukatar itace da ruwa da tsohuwar da za ta tsaya a kai, ga kunun kanwa da ƙauri. An raɗa sunaye a lokacin ba taro, kuma rashin taron suna asara ce ta zahiri ga maijego, domin a ranar ne ake rama mata bikin da ta daɗe tana kai wa wasu.

4.6 Makoki da Takaba

Maza suke kai gawa, amma mata suke riƙe makoki. Su ne masu cika ɗakin wadda aka yi wa rashi, su kawo abinci daga maƙwabta, su kwana da ita har sadakar uku, wasu har bakwai. Ciwon 'ya mace, in ji masu iya magana, na 'ya mace ne. A Afrilu da Mayu na 2020 an yi gaisuwa da yawa ta waya, kuma gaisuwar waya ba ta share tsakar gida, ba ta ɗora tukunya.

Takaba wata huɗu ce da kwana goma ga wadda ba ta da ciki, a ɗakin mijinta, ba ado, ba fita sai da larura. In aka lissafa, matar da mijinta ya rasu a wajajen 20 ga Afrilu ba ta fita takaba ba sai ƙarshen Agusta, watau kusan wata biyu bayan an saki sauran gari. Ita ce ta yi kulle uku a jere: na aure, da na hukuma, da na rashi. Bayan fita kuma sai batun gado, inda rabonta tumuni ne in akwai 'ya'ya, ko rubu'i in babu, kuma in suna da yawa a cikin wannan kason za su yi tarayya. Dattijon da ya rasu sau da yawa shi ne ginshiƙin gida mai mutum ashirin, saboda haka gidaje da dama sun wayi gari mace ce take riƙe da su, ko da yake sunan maigida yana kan babban ɗa.

5.0 Abin da Ya Rage a Harshe

Hausa ba ta yi aron kalmomi da yawa domin wannan annoba ba, in ban da sunan cutar. Abin da ta yi shi ne faɗaɗa ma'anar na gida. "Takunkumi", wanda asalinsa abin ɗaure bakin dabba ne, ya koma ƙyallen rufe hanci da baki. "Killacewa", wadda ake yi wa fili ko gona, ta koma keɓe mutum. "Tallafi" ya ɗauki ma'anar ɗan abincin da hukuma take rabawa. "Sassauci" ya zama sunan rana. A cikinsu duka "kulle" ce ta fi nisan tafiya, domin ta tashi daga ɗakin matar aure ta hau kan gari guda.

Sai dai kalma ɗaya ta rufe abu biyu masu bambanci. Kullen aure tsari ne da yake da ƙofofinsa, an gina shi a kan sharaɗin cewa wani zai fita a madadin wadda ta zauna. Kullen hukuma ya toshe ƙofofin, ya bar mazauna ciki da bukatunsu. Raha ta yawaita a lokacin cewa maza sun ɗanɗana abin da mata suke sha, amma ba abu ɗaya suka sha ba: namiji ya rasa wurin zuwa, mace kuwa ta rasa filinta da 'yan aikenta da jarinta, aikinta kuma ya ninka.

6.0 Kammalawa

An ga yadda gidan Bakano ya dogara da fitar maigida da zirga-zirgar yara da zumuncin mata, da yadda datse su ya tara nauyin ciyarwa da jiyya da tarbiyya a kan mace. Wasu sauye-sauyen sun wuce da wucewar doka, maza sun koma kasuwa, tsakar gida ta koma hannun masu ita. Wasu kuwa sun zauna. Matan da suke da babbar waya sun koyi tallata kaya ta WhatsApp da karɓar kuɗi ta banki, watau waya ta fara karɓar aikin da farantin talla yake yi. Waɗanda suka cinye jari kuwa sun sake farawa daga tushe, a shekarun da farashin abinci ya yi ta hawa.

Darasin da ke ciki ga masu tsara dokar lafiya a fili yake. Ma'aikatan rigakafin shan-inna sun daɗe da gane cewa gidan Hausa mace ce take shigar sa, shi ya sa suke ɗaukar mata su bi gida-gida. Dokar 2020 kuwa an tsara ta ne da idon titi da kasuwa, aka auna nasararta da yawan motocin da suka daina wucewa ta titin Zariya. Duk tsarin da za a yi nan gaba ya kamata ya fara da tambayar wa zai ɗebo ruwa, wa zai yi jiyya, da me kuma za a kare ta. Ga masu nazarin al'ada kuma akwai aiki a gaba, domin labarin waɗannan makonni yana nan a bakin matan da suka yi jiyyar da takabar, kuma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.